Manhajar imel ta asali

Manhajar imel ta asali ita ce manhajar da kwamfuta ko wayar salula take buɗewa da kanta a duk lokacin da aka nemi rubuta saƙon imel ba tare da an faɗi wadda ake so ba, misali idan mutum ya latsa adireshin imel a shafin intanet, ko ya umarci kwamfuta ta aika wani fayil ta imel. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kamar Windows ko macOS ko Android, ita ce take riƙe da wannan zaɓi, kuma mai na'ura yana da ikon canza shi. Zaɓin yakan sauya ba da sanin mai na'ura ba bayan an saka sabuwar manhaja, ko an sabunta babbar manhajar, ko an shigar da wani asusun gajimare irin su iCloud da Outlook.com da Gmail. Shi ya sa maganar mayar da manhajar da aka saba take zuwa tare da maganar cire asusun da ba a buƙata, ko da yake ayyuka ne guda biyu: cire asusu ba ya dawo da tsohuwar manhaja, kuma dawo da manhajar ba ya cire asusun.

Suna

Ba a tsaya kan kalma ɗaya ba tukuna a Hausa. Masu fassara manhajoji wasu suna cewa "ta asali", wasu "tsohuwa", wasu kuma "zaɓaɓɓiya". Kowacce tana da nata naƙasu. "Tsohuwa" tana sa a zaci shekaru ake nufi, alhali manhajar da aka sauke jiya tana iya hawa wannan matsayi yau. "Ta asali" tana sa a zaci wadda na'ura ta zo da ita daga kamfani ce, wanda sau da yawa haka ne amma ba kullum ba. "Zaɓaɓɓiya" ta fi kusa da ma'anar, sai dai ba koyaushe mai na'ura ne ya yi zaɓin ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake ba su irin wannan suna a cikin manhajar imel ɗin kanta. Na farko shi ne asusun asali, wato adireshin da sabon saƙo yake fita da shi idan an saka asusu fiye da ɗaya. Na biyu, a Outlook na gargajiya, shi ne fayil ɗin ajiya na asali, inda ake zuba lambobin mutane da kalanda. Mutum zai iya gyara ɗaya daga cikin ukun nan ya tarar matsalarsa tana nan, domin a wani ɗayan take.

Tarihi

A shekarar 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙon imel tsakanin kwamfutoci biyu a kan ARPANET a Amurka, kuma shi ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan na'ura. An wallafa ƙa'idar aika saƙo ta SMTP a 1982. Daga ƙarshen shekarun 1980 ne manhajojin da ake sakawa a kwamfutar mutum suka yaɗu, ciki har da Eudora, wadda Steve Dorner ya rubuta a Jami'ar Illinois a 1988. Microsoft ya fito da Outlook a cikin Office 97, ya kuma haɗa Outlook Express da burauzarsa ta Internet Explorer 4 a 1997. Thunderbird ta Mozilla ta kai siga ta 1.0 a watan Disamba na 2004.

A gefe guda kuma, imel da ake buɗewa a burauza ya fara ƙarfi da Hotmail a 1996, sai Yahoo Mail a 1997, sai Gmail ranar 1 ga Afrilu, 2004. Apple ya bi ta iTools a 2000 da MobileMe a 2008 kafin ya buɗe iCloud a watan Oktoba na 2011. Da kamfanin da ya ƙera babbar manhaja ya zama shi ne kuma mai bayar da asusun imel, sai aka fara neman mutum ya shigar da asusu tun ranar da ya kunna sabuwar na'ura. Yawancin asusun da daga baya ake neman cirewa ta nan suke shigowa.

Yadda na'ura take sanin wadda za ta buɗe

Adireshin imel da ake latsawa a shafin intanet yana ɗauke da mahaɗi mai farawa da mailto:, wanda aka fara bayyana shi a takardar ƙa'ida ta RFC 1738 a 1994, aka kuma sabunta shi a RFC 6068 a 2010. Idan aka latsa shi, burauza takan duba ko ita kanta an gaya mata inda za ta kai irin wannan mahaɗi. Idan ba a gaya mata ba, sai ta miƙa shi ga babbar manhaja, ita kuma ta duba jerin da take ajiye da shi na wace manhaja ce ke da wane aiki. Ke nan wurare biyu ne ake iya yin saitin, kuma na burauza yana shiga gaban na babbar manhaja. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci Windows take nuna Thunderbird ce zaɓaɓɓiya amma duk adireshin da aka latsa a Chrome sai shafin Gmail ya buɗe.

Windows tana da hanya ta biyu wadda ta girmi mailto a wurinta, ana kiranta MAPI. Da ita ake amfani idan aka latsa fayil da maɓallin dama aka ce a aika shi ta imel, haka ma idan manhajar sikana ko ta lissafin kuɗi za ta liƙa takarda a jikin saƙo. Ana ajiye sunan manhajar da ke wannan aiki a wani wuri daban a rajistar Windows. Outlook na gargajiya da Thunderbird suna amsa kiran MAPI, amma manhajar Mail da ta zo da Windows 10 ba ta amsawa, don haka masu amfani da ita sukan ga saƙon cewa babu manhajar imel a kwamfutar alhali ga ta a buɗe.

A shekarun Windows XP kowace manhaja tana iya rubuta sunanta a rajista ta ƙwace matsayin, shi ya sa Outlook da Outlook Express da Eudora kowacce take tambaya a duk buɗewa ko a mayar da ita ta asali. Tun daga Windows 8 aka liƙa wa zaɓin mai na'ura wata lambar tantancewa da babbar manhaja kaɗai ke lissafawa. Idan Windows 10 ta ga an taɓa saitin ta bayan fage, sai ta soke shi ta koma kan manhajar Microsoft, ta kuma sanar da cewa an sake saita wani zaɓi. An yi tsarin ne don kare mai na'ura, amma a aikace wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai Windows, tunda duk saitin da aka soke wurin manhajarsa yake komawa.

Inda saƙonni suke zaune

Abin da mutum zai rasa idan ya cire asusu ya danganta da ƙa'idar da manhajar take bi wajen karɓo saƙonni daga saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatin saƙon. Wannan ne ya kamata a fara dubawa kafin a latsa komai.

Ƙa'idar POP, wadda aka fara wallafawa a 1984 kuma sigarta ta uku ta fito a 1988, an yi ta ne lokacin da wurin ajiya a saba yake da tsada. Manhaja takan sauke saƙonni zuwa kwamfuta sannan ta goge su daga sabar, nan take ko bayan wasu kwanaki. Outlook na baya-bayan nan yakan bar kwafi na kwana 14 idan ba a canza saitin ba. Wanda ya yi shekaru yana amfani da POP, mai yiwuwa kwafi ɗaya tak na tsofaffin saƙonninsa ya rage a duniya, kuma a kwamfutarsa yake. Manhajoji sun bambanta a nan. Outlook na gargajiya yana ajiye saƙonnin POP a fayil mai ƙarewa da .pst, kuma cire asusu ba ya goge fayil ɗin. Manhajar Mail ta Mac tana goge saƙonnin tare da asusun, sai dai idan an riga an kwashe su zuwa akwatin da ke kan Mac ɗin kansa. Thunderbird takan tambaya ko bayanan shiga kaɗai za a cire ko har da saƙonnin.

Ƙa'idar IMAP, wadda Mark Crispin ya tsara a Jami'ar Stanford a 1986, akasin haka take aiki. Saƙonni suna zama a saba, abin da ke kan na'ura kwafi ne kawai da ake daidaitawa. Cire asusu yana share kwafin, saƙonnin kuma suna nan ga duk wanda ya shiga ta burauza. iCloud Mail da IMAP yake aiki, ba ya karɓar POP. Haɗarin IMAP yana wani wuri: goge saƙo a na'ura yana goge shi a saba da sauran na'urori duka. Wanda yake son rabuwa da asusu a kwamfutar ofis, ya zauna ya share akwatin saƙo tukuna don kada wani ya gani, ya share na wayarsa ma ke nan. Cire asusun kai tsaye ya isa.

Akwai wani tarko a Outlook tun daga sigar 2013. Asusun IMAP yana ajiye kwafinsa a fayil mai ƙarewa da .ost, kuma da yake IMAP saƙonni kaɗai take ɗauka, idan babu wani fayil ɗin ajiya sai Outlook ya zuba lambobin mutane da kalanda a cikin .ost ɗin, a foldoji masu alamar cewa a wannan kwamfuta kaɗai suke. Ba su da kwafi a saba. Idan aka cire asusun suna tafiya tare da shi, don haka sai an fitar da su zuwa fayil ɗin .pst tukuna.

Asusun Exchange, wanda ma'aikatu da jami'o'i da yawa suke bayarwa, yana daidaita saƙonni da kalanda da lambobi gaba ɗaya. Cire shi daga waya yana ɗauke duk lambobin da aka adana a cikinsa, har da na 'yan uwa idan wayar ta riƙa zuba sababbin lambobi a can ba tare da an lura ba.

Cire asusu daga na'ura

A Windows 10 da 11, asusu yana iya zama a wurare uku: cikin manhajar imel, da sashen imel da asusu na Saituna, da sashen asusun aiki ko makaranta. Cire shi daga wuri ɗaya ba lallai ya cire shi daga sauran ba. Asusun Microsoft da ake shiga Windows da shi ba ya ciruwa sai an fara komawa asusun da ke kan kwamfutar kaɗai. Outlook na gargajiya kuma yakan ƙi cire asusun da ke riƙe da fayil ɗin ajiya na asali har sai an ƙirƙiri wani fayil an ba shi matsayin.

Manhajar iCloud ta Windows tana da akwatin zaɓi da ke haɗa kalanda da lambobi da Outlook, a sigogin baya har da imel. Idan aka yi masa alama, sai ta saka wa Outlook ƙarin manhaja da sababbin foldoji, ta kuma nemi ta ɗora lambobi da kalandar da ta tarar zuwa gajimaren Apple. Mutane da dama sun saka iCloud ne don hotunan iPhone kawai suka tsinci Outlook ɗinsu ya canza. Ana warware wannan daga cikin manhajar iCloud, ta hanyar cire alamar bayan an rufe Outlook. Foldojin za su ɓace daga Outlook amma abin da ke cikinsu yana nan a iCloud.com, don haka mai son su dawo kwamfuta sai ya kwafe su zuwa foldojin Outlook kafin ya cire alamar.

Sabon Outlook na Windows, wanda ya maye gurbin manhajar Mail bayan Microsoft ya daina tallafa mata ranar 31 ga Disamba, 2024, ya zo da wani salo. Asusun da ba na Microsoft ba, kamar Gmail ko Yahoo ko na IMAP, ba ya haɗuwa da sabarsa kai tsaye daga kwamfuta. Sabobin Microsoft ne suke karɓo saƙonnin su ajiye kwafi, manhajar kuma ta karanta daga can. A watan Nuwamba na 2023 mujallar kwamfuta ta c't da ke Jamus ta ruwaito cewa manhajar tana aika bayanan shiga asusun IMAP zuwa sabobin kamfanin, lamarin da ya jawo muhawara kan sirrin masu amfani. Lokacin cire irin wannan asusu ana ba da zaɓi biyu, a cire shi daga wannan na'ura ko daga dukkan na'urori, kuma na biyun ne yake raba shi da gajimaren Microsoft.

A Mac, ana sarrafa asusu a sashen asusun intanet na Saituna. Ana iya kashe imel kaɗai a bar kalanda da lambobi. A iPhone ma haka ne, kuma ga iCloud wannan ce hanyar da ta dace, domin fita daga asusun Apple gaba ɗaya yana taɓa hotuna da ajiyar kwafin waya da tsarin nemo wayar da ta ɓata. A Android ba a iya cire Gmail shi kaɗai: cire asusun Google yana fitar da shi daga Play Store da lambobi da Drive a wannan wayar. Wanda sanarwar saƙonni ce kawai ta dame shi, kashe daidaitawar Gmail ya wadatar.

Mataki ɗaya da aka fi mantawa shi ne janye izini. Manyan kamfanonin imel sun rage yarda manhaja ta riƙe kalmar sirri ta ainihi. Google ya rufe wannan hanya ga asusun jama'a a watan Mayu na 2022, Microsoft ya rufe ta ga Outlook.com a watan Satumba na 2024, Apple kuma tun 2017 yake buƙatar kalmar sirri ta musamman ga kowace manhajar da ba tasa ba. Abin da manhaja take riƙewa yanzu makullin izini ne, kuma cire asusu daga na'ura ba koyaushe yake kashe shi ba. Ana soke shi ne a shafin tsaro na asusun, inda aka jera manhajoji da na'urorin da aka ba izini.

Rufe asusu gaba ɗaya

Wannan a shafin kamfanin ake yinsa, kuma bayan ɗan wa'adi ba a iya janye shi. Microsoft yana ba da kwana 30 ko 60 kafin rufewar ta tabbata. Google yana barin a goge Gmail kaɗai a bar sauran asusun idan an ba da wani adireshi da ba na Gmail ba, kuma adireshin da aka goge ba a sake ba kowa shi. Ana iya sauke saƙonnin tukuna ta Google Takeout. Yahoo ya taɓa sake raba sunayen asusun da suka shekara ba a buɗe ba a 2013, abin da ya jawo suka domin sababbin masu adireshin sun riƙa samun saƙonnin tsofaffin masu shi. Babbar asarar rufe asusu ba ta cika zama saƙonnin ba. Adireshin ne ake aika wa mahaɗin sabunta kalmar sirri ta Facebook ko manhajar banki ko shafin neman gurbin karatu, kuma idan ba a canza shi a waɗannan wurare ba kafin rufewa, su ma suna iya kuɓucewa.

Mayar da manhajar da ake so

A Windows 10 sashen manhajojin asali na Saituna yana da layi na imel, a nan ake zaɓa. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ta cire wannan layi, sai an nemo MAILTO a akwatin bincike na sashen an ɗaura masa manhaja. Idan aika fayil ta maɓallin dama bai gyaru ba, matsalar MAPI ce, kuma Outlook na gargajiya da Thunderbird kowacce tana da maɓalli a saitunanta da ke sake rubuta sunanta a wurin. Sabon Outlook yana da makunni a kusurwar sama ta dama da ke mayar da mutum na gargajiya idan yana kan kwamfutar. Manhajar Mail ta da kuwa ba ta dawowa aiki, ko da an buɗe ta ba ta aika saƙo ba ta karɓa.

A Mac saitin yana cikin manhajar Mail ta Apple, ba a Saitunan na'ura ba, kuma takan nemi a saka mata asusu kafin ta bari a kai gare shi. Wato mai son barin Mail sai ya fara amfani da ita. iPhone ba ta yarda a canza manhajar imel ba sai a iOS 14, a watan Satumba na 2020, kuma sigar farko ta zo da kuskuren da ke mayar da zaɓin kan Mail duk lokacin da aka sake kunna waya, har aka gyara a 14.0.1. Android takan tambaya ne a karon farko ko a buɗe da wata manhaja sau ɗaya ko kullum, kuma ana soke amsar "kullum" a shafin bayanan manhajar da aka zaɓa. A Linux ana rubuta zaɓin a fayil ɗin mimeapps.list, kuma umarnin xdg-mime yana canza shi. Saitin burauza yana chrome://settings/handlers a Chrome, a Firefox kuma yana jerin manhajoji na babban shafin saituna.

Na'urorin hannu na biyu

A wuraren da ake yawan cinikin wayoyi da kwamfutocin da aka yi amfani da su, kamar kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, asusun da ba a so sau da yawa na tsohon mai na'urar ne, ko wanda aka buɗe wa mai saye cikin gaggawa don Play Store ya yi aiki ba tare da ya riƙe kalmar sirrin ba. A nan goge waya gaba ɗaya ba ya magance komai. Apple ya saka kullen kunnawa a iOS 7 a 2013, Google ya saka makamancinsa a Android 5.1 a 2015, dukansu don rage satar waya. Wayar Android da aka goge ta hanyar maɓallan jikinta ba tare da an cire asusun Google ba za ta nemi wannan asusu kafin ta buɗe, iPhone kuma za ta nemi kalmar sirrin asusun Apple da aka ɗaure ta da shi. Mai sayarwa ne ya kamata ya cire asusunsa daga Saituna tukuna, sannan a goge wayar a kunna ta a gaban mai saye har ta wuce shafin shiga. Idan an riga an rabu, tsohon mai iPhone yana iya cire ta daga jerin na'urorinsa a iCloud.com daga duk inda yake, kuma Apple yana duba buƙatar cire kullen ga wanda ya gabatar da takardar shaidar saye ta asali.